Jan Ɗigon Babana

Babana bai taɓa ƙin yi wa mutum rubutun allo ba. Ko ruwan kwata kake sayarwa, in dai ka zo da katakonka, zai zaunar da kai a benci, ya tambaye ka abin da za a rubuta, ya gyara maka kuskuren Hausarka ko ba ka nema ba, sannan ya yi maka aiki mai kyau. Abin da ba ya bayarwa haka kawai shi ne ɗigo.

Mai Burushi ake ce masa, har Inna ma haka take kiransa idan ya ɓata mata rai. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana rubuta allunan shaguna a wata rumfa da ke jingine da katangar gidanmu, tsakanin gwangwanayen fenti da kwalaben kananzir ɗin wanke burushi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ban taɓa ganin farcensa babu launi ba. Ɗigon kuwa ja ne, a ƙarshen layin ƙasa yake sa shi, da 'yar wutsiya da ta lanƙwasa sama kamar ƙwayar wake da ta fara tsiro. Ma'anarsa ɗaya ce: Mai Burushi ya gwada kayan nan da kansa, ya ga haka suke.

Da gaske kuma yake gwadawa, har abin ya kan ba mutane haushi. Mai aski sai da ya aske shi sau uku kafin ya samu. Mai gyaran takalmi ya ɗinke masa takalmi, Baba ya yi mako biyu yana yawo da shi cikin taɓo da gangan. Wata mai man gashi ta zo, aka rasa yadda za a yi domin kan Baba babu abin shafa wa mai, sai ya ɗora wa Inna aikin, ta yi wata guda tana mita tana shafawa. Wanda ya fi kowa shan wahala mai cire haƙori ne. Baba ba shi da haƙori mai ciwo, ya kuma ce ba zai sa hannu a kan abin da bakin wani ya ji ba. Shekara biyu allon bawan Allahn nan yana rataye babu ɗigo. Ranar da turmin Baba na hagu ya fara zogi, an ce mutumin har da tsalle ya yi don murna.

Rabin masu sayayya a unguwarmu ba su iya karatu ba, amma kowa ya iya karanta ɗigo. Tsohuwa za ta tsaya a gaban shago, ta kare rana da tafin hannu, ta leƙa kusurwar allo, in ba ta ga ja ba ta yi gaba abinta. Akwai masu shagon da suka yi ƙoƙarin ɗiga nasu da jan farce, yara suka yi ta yi musu dariya har suka goge. Baba bai tara komai ba a rayuwarsa, ko keken da yake hawa na ƙaninsa ne. Wannan ɗigon shi ne abin da ya mallaka, kuma duk gidanmu mun san haka, ni ma da nake auta na sani tun kafin in iya ɗaura zani.

Ni ce na gaji hannunsa, shi ya sa ya fi ji da ni, yayyena kuma ba su taɓa yafe mini ba. Na yi karatun zane, na samu aiki a wani kamfanin talla da ke hawa na uku a tsakiyar gari, inda ake sanyaya ɗaki har sai ka nemi mayafi. A lokacin injinan buga takarda sun riga sun cinye kasuwar Baba. Sai ya yi wata bai samu allo ko ɗaya ba, gwiwarsa ta dama kuma ta fara yi masa gardama, ba ya wuce layuka uku na kusa da gida.

Aikin da ya jawo mini abin da nake ɗauke da shi yanzu na wani baƙin man shafa wa kwanon rufi ne, wai yana toshe yoyo. Gagara-Ruwa suka sa masa. Ban taɓa ganin an buɗe gwangwanin ba, a kan teburin taro kawai yake zaune muna ɗora masa kofin shayi. Cikin minti goma na rubuta masa kirari: shafa ɗaya, damina uku. Ban san daga ina na samo ukun ba, ta dai fi biyu daɗi a baki. Na tsara fosta mai sheƙi na kai wa Manaja.

Manaja mutum ne mai fara'a da ya san aikinsa, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya kan ce mana ba gwangwani mutum yake saya ba, kwanciyar hankali yake saya ta ranar da hadari ya haɗo. Ya dubi fostata ya karkata kai.

"Rubutun nan ya yi tsabta da yawa," ya ce. "Masu rufin da ke yoyo ba sa yarda da abin da ya yi tsaf haka. Gani suke wani mai kwat ne a ofis yake musu wayo."

"To ai mai kwat ne a ofis," na ce.

"Shi ya sa muka ɗauke ki, don kada a gane. Ki samo mini rubutu mai kama da na maƙwabci. Mutum ya gani ya ji kamar ya san wanda ya rubuta."

Ranar hutu na je gida da fararen kwalaye, na ce wa Baba ina so ya rubuta mini haruffa duka, manya da ƙanana, har da lambobi, in ajiye don tarihi. Ban taɓa ganin ya ji daɗi irin na ranar ba. Ya yi ta gyara zama yana cewa, "Ashe kwamfutar taku ba ta iya ba." Kwana uku ya yi a kai. Hannunsa ya fara rawa, don haka duk harafin da ya karkace sai ya yaga kwalin ya sake. Inna ta ce ko abinci sai an yi masa magana sau biyu. Da ya miƙo mini ya naɗe su a tsohon zanin gado don kada ƙura ta taɓa.

Har nan ina da abin da zan kare kaina. Haruffa ne, kuma ba ni ya yi. Amma ɗigon babu wanda ya ba ni, babu kuma wanda ya nema. Manaja bai ma san da shi ba. Ni kaɗai a ofishin nan na san abin da jan nan yake yi wa zuciyar mutanen unguwanni irin tamu, kuma ina so a ce Auta ta iya aiki. Na ce wa kaina ai ɗigo ne kawai, ko ƙuda ya fi shi girma.

Allon da ya fi sauƙin ɗauko ɗigonsa a hoto shi ne na Baffa Tela, aminin Baba tun suna samari, domin ƙofar shagonsa gajera ce, allon daidai goshina. Shi ya ɗinka mini rigar makarantata ta farko. Bai iya karatu ba, awon mutane ma a ka yake riƙewa, bai kuma taɓa ɗinka wa wani wandon wani ba. Da ya ga na tsaya da waya ina nuna allonsa sai ya taso.

"'Yata, me kike ɗauka?"

"Aikin Baba nake tarawa, Baffa."

"Madalla. Ai ya kamata. Bari in janye miki bencin nan ki matso da kyau."

Ya janye, ya kuma sa gefen rigarsa ya goge kusurwar allon don jan ya fito sosai.

Fostar ta fita, ta kuwa yi aiki fiye da yadda kowa ya zata. Aka liƙa ta a katangu, a bayan motocin haya, a bakin kasuwa. Manaja ya yabe ni a gaban kowa, aka mayar da teburina kusa da taga. Akwai abu ɗaya da na yi wanda ko wa Inna ban taɓa faɗa ba. Da aka kawo mini jerin layukan da masu liƙi za su bi, na ɗauki biro na soke guda uku, waɗanda gwiwar Baba take iya kai shi. Duk wanda ya ce ban san abin da nake yi ba, ya dubi wannan biron.

Na manta cewa Baffa Tela ƙafarsa lafiya lau, kuma duk ranar Litinin yana shiga kasuwa sayen zare. Rufin shagonsa ya daɗe yana yoyo, har ya riga ya kira kafinta ya auna masa sabon kwano. Sai ya ga fostar a bakin kasuwa, ya gane hannun amininsa, ya leƙa kusurwa ya ga ja. Ya sallami kafinta, ya sayo gwangwani huɗu, ya sa aka shafe rufin tas. Bai ma yi wa Baba zancen ba, domin a wajensa Baba ya riga ya gama magana.

Aka yi kwana goma ana rana mai zafi, man ya narke ya taru a ramukan ƙusa. Ran nan da azahar Baffa ya rufe shago ya tafi duba 'yarsa da ta haihu, sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Baƙin man ya biyo ruwan ya yi ta ɗiga. A kan tebur akwai fararen rigunan ma'aikatan jinya guda ashirin da ya gama ɗinkawa ya goge, suna jiran a zo ɗauka.

Ina gida da safen da ya zo, na kawo wa Baba maganin gwiwa. Baba yana rumfa yana jiƙa burushi ɗaya bayan ɗaya, abin da yake yi ko da aiki ko babu. Baffa ya yi sallama, suka gaisa kamar kullum, har da tambayar jaririn. Sannan ya warware riga ɗaya ya shimfiɗa a benci. Baƙin ya sauko tun daga wuya har aljihu, ya bushe ya ƙame. Ya ciro fostar da ya ɓamɓaro daga bango, a ninke huɗu, ya buɗe ya ajiye a gefen rigar.

"Ba faɗa na zo yi ba," ya ce a hankali. "So nake in sani, a wane rufin ka gwada shi? Ko ni ne ban iya shafawa ba."

Baba ya goge hannu, ya sa tabarau, ya ɗauki takardar. Ya daɗe yana kallon haruffan. Na ga yatsansa ya bi layin ƙasa har ya tsaya a kan jan. Ina tsaye a bayansa da ledar magani a hannu, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

"A ɗakin baya na gwada," ya ce. "Ban jira ruwa ya yi yawa ba. Gaggawa na yi, tsufa ne ya zo. Ka yafe mini."

A nan ya kamata in buɗe baki. Kalma biyu ce, ni ce. Na haɗiye su. Tsoro ne ya kama ni, tsoron idon Baffa, da kunyar a ji a unguwa cewa 'yar Mai Burushi ta sayar da ubanta don a matsar mata da tebur kusa da taga. Baffa ya dubi Baba, ya ce babu komai, Allah ya kiyaye gaba. Ya ninke rigarsa da takardarsa ya tafi.

Baba ya koma kan burushinsa. Na matso na durƙusa.

"Baba, ni ce na..."

"Na san hannuna, Auta. Na kuma san wanda na ba." Ya matse burushin a bakin gwangwani. "Gobe ki zo da wuri, za ki riƙe mini tsani."

Da ya zage ni ko ya kore ni da na samu sauƙi. Inna ma bai gaya mata ba.

Washegari ya haɗa farin fenti da wasu launuka kaɗan a ƙananan gwangwanaye, ya ba ni tsani na ɗauka, muka fara daga shagon mai aski. Sai da ya hau ya tsoma burushi sannan na gane abin da zai yi. Shafa biyu, jan ya ɓace. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda yake yi wa aski yana biye da shi da rabin kai.

"Haba Mai Burushi, me na yi maka? Askina ne ya lalace?"

"Askinka yana nan yadda na san shi."

"To don me?"

"Akwai irin wannan a bayan kowace mota yanzu. Wanda bai iya karatu ba ta yaya zai rarrabe nawa da nasu? Gara a ce babu, kowa ya buɗe idonsa."

Kwana tara muka yi. Na ɗauki hutu a ofis na ce babana ba shi da lafiya. Mai burodi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gidan burodin da allonsa, ta riƙe ƙafar tsanin tana kuka, ta ce ɗigon nan tun na marigayi ne. Baba ya tsaya ya ba ta haƙuri, ya jira ta saki, ya hau. Mai cire haƙori, wanda shi ma tsufa ya kama, cewa ya yi, "Shekara biyu na jira shi, ka goge cikin minti ɗaya." Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. Kowane hawa sai Baba ya ɗaga ƙafar dama da hannu ya ɗora a matakala, ina jin numfashinsa daga ƙasa. Na roƙe shi ya bar ni in hau, ya ce wanda ya sa shi zai cire. Ba wanda ya kalle ni da zargi, wasu har sa mini albarka suke yi, wai 'ya ta gari mai taimakon ubanta.

Shagon Baffa Tela ne na ƙarshe, shi ko tsani ba a buƙata. Baffa yana ciki yana taka keken ɗinki, ya amsa sallama bai ɗago ba. Baba ya shafe, ya tsaya kaɗan, ya rufe gwangwani. Keken bai tsaya ba har muka bar wurin.

Da na koma ofis na shiga wurin Manaja fuskata a ɗaure, na shirya rigima, na ce ko a cire ɗigon nan daga fosta ko in ajiye aiki.

"Wane ɗigo?" ya ce.

Na nuna masa. Ya matso da fuska ya duba.

"Au, wannan? Na ɗauka ado ne. Cire shi mana. Ai ma an dakatar da wannan tallar, ƙorafi ya yi yawa. Sun ce sun gyara man, wata mai zuwa za mu fito da Sabon Gagara-Ruwa. Ki fara tunanin kirari."

Ban ajiye aikin ba, kada ma in yi wa kaina ƙaryar jarumta. Na dai ce a ba wani wannan tallar, aka ba wani, ya yi ta da hoton wata tsohuwa mai murmushi.

Sai da na yi wata biyu ina kewaye layin Baffa kafin na iya shiga shagonsa. Ya sa sabon kwano, ɗakin ya yi haske. Asibitin sun kai ɗinkinsu wani wuri, don haka gyaran wanduna yake yi. Na zauna a bencin, na faɗa masa komai tun daga kwalaye har biron da na soke layuka da shi. Na ce Baba bai taɓa ganin man nan ba, bai san da fostar ba, ni ce. Na ce in ya yarda zan bi shago shago in faɗa.

Ya cire zare daga baki ya zura a allura kafin ya amsa.

"Na sani, 'yata."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar ruwan. Na zauna a nan cikin rigunan nan, na kalli takardar da kyau. Ɗigon babanki ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu. Wannan kuwa nawa ne, akwai gashin burushi ɗaya da ya maƙale a wutsiyarsa, shekara talatin ina ganinsa duk safiya in zan buɗe ƙofa. Sai na tuna wanda na janye wa benci."

"To me ya sa ka je ka tambaye shi?"

"Na ɗauka bai sani ba, na ce gara ya ji daga bakina a kan ya ji a titi. Cewa nake zai ce bai taɓa ganin takardar ba, mu haɗu mu ja miki kunne, shi ke nan." Ya ajiye allurar. "Riguna ai yadi ne. Abin da ya tsaya mini, shekara hamsin muna tare, ko a wasa ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka ba. Sai ga shi ya dube ni ya ce ɗakin baya. Da na san haka zai yi, wallahi da ban je ba."

Na yi kuka a wurin, bai hana ni ba. Da na lafa ya miƙo mini ƙyallen yadi na share fuska.

"Babu shagon da za ki je," ya ce. "Kuma kada ki gaya masa na sani. Da tsada ya sayi rufin asirin nan naki. In ya ji ban taɓa yarda ba, ya yi asarar banza ke nan. Ki bar masa abinsa."

Shekara biyu ke nan yanzu. Baba ya ba wani mai fentin gidaje gwangwanayensa, rumfar ta zama wurin zama. Kusan kullum da la'asar Baffa yana zuwa, su zauna a bencin nan suna musu a kan ƙwallo da farashin kaya, kowa yana riƙe da nasa a ciki. In ina gida ni nake kai musu shayi.

Makon jiya, bayan Baffa ya yi sallama ya sha kwana, na zo kwashe kofuna. Baba ya leƙa ya tabbatar ya yi nisa, sannan ya kamo hannuna ya rage murya.

"Kin rame, Auta. Ki daina sa abin nan a ranki. Kin ga dai har yau bai gane ba."

Na ce, "To, Baba," na kwashi kofunan na shiga ciki.